Rijiyar da Ta Ci Kabo

Ranar Alhamis da la'asar rijiyar da ake ginawa a Gidan Bube ta rufta, Kabo mai haƙa yana ciki. Mutanen ƙauyen suka yi ta tono da fartanya da ƙwarya da hannu har suka kai gare shi, amma rai ya riga ya yi halinsa. Kafin magariba aka kai shi makwancinsa.

Gidan Bube ɗan ƙauye ne tsakanin Kaikai da Kusada. Shekara huɗu mutanensa suna kai kuka a ba su rijiyar siminti. A wancan zamani na Turawa komai sai ya bi ta majalisar gunduma a Kankiya, takarda ta tafi Katsina ta dawo. Da aka amince, Malam Dabo, wakilin ƙauyukan yankin a majalisar, shi ya kawo albishir, shi kuma ya kawo ɗan kwangila, wani Ɗanmaliki mai agogo a hannu. Ranar da mota ta sauke buhunan siminti mata har guɗa suka yi.

Wayewar garin Juma'a Malam Dabo ya tara mutane a bakin ramin, ya nuna ƙasa da sandarsa.

"Ku duba da idonku. Sawun shanu ne ko ba shi ba ne? An koro garke an tattake bakin rijiya, ƙasa ta saki. Wa ya ce tun farko ba ya son rijiyar nan kusa da burtali?"

Kowa ya san amsar. Bubayero ne, Bafulatanin da rugarsa ke gabas da gari. Kafin a sauko daga masallaci samari sun kamo shi, sun ɗaure shi a gindin tsamiyar ƙofar Maigari. Hawwa'u, uwar Kabo, ta ɗauki dutse ta fasa masa gira. Wasu suka fara neman karan da za su kunna wa rugar wuta.

Maigari Babba ya tsaya a gabansu. "'Yan doka za su zo jibi Lahadi. Wanda ya kunna ashana kafin nan, da shi za su tahi." Sannan ya aika a kira Gajere.

*

Gajere maharbi ne, kuma shi ne mai bin sawun yankin. In an sace jaki a Kusada ko akuya a Kaikai, shi ake nema. 'Yarsa Tani ita ce matar Kabo. Ban da wannan, damina biyu da suka wuce shanun Bubayero sun cinye masa dawa, shi da kansa ya bi sawunsu har rugar, kuma tun ranar ba su sake gaisawa ba.

"Ranka shi daɗe, mi za ni bi?" in ji shi. "Kun kama mutum, kun gama shari'a."

"Ina son in an tambaye ni a Kankiya in ce Gajere ya gani."

Gajere ya tafi bakin ramin yana fatan abin ya zama yadda aka ce. Ya tarar da jama'a sun cika wurin.

"Ku ja baya! Kun tattake komi kamar tumaki, sannan ku ce a zo a duba!"

Ya tsuguna ya daɗe. Sawun shanu na nan birjik, amma babu na maraƙi ko ɗaya, kuma bai taɓa ganin garken Fulani ba maruƙa ba. Ya auna kofato da yatsunsa, ya matsa gaba ya sake aunawa. Ƙafafu iri biyu ne kawai suke ta maimaituwa, na manyan shanu biyu irin na huɗa da aka yi ta zagayawa da su. A wani gefe da ba a taka ba ya ga sawun sā a kan sawun ƙafar mutum, a kan ƙasar da aka tono jiya wajen ciro Kabo. Ashe bayan ruftawar aka kawo shanun.

Ya bi su daga ramin har suka faɗa burtali, inda garkunan duniya suka bi da safe suka shafe komai. Ya tsaya nan yana zagi shi kaɗai.

*

Bubayero na zaune a gindin tsamiya, jini ya bushe a gefen fuskarsa.

"Kai suka aiko?" ya ce da ya hango Gajere. "To, na mutu ke nan."

"Rufe mini baki ka amsa abin da na tambaye ka. Jiya da shekaranjiya ina shanunka suka yi kiwo?"

"Fadama, can wajen Kaikai. Kwana shida ba su taka wannan gefen ba."

"Ka ce ba ka son rijiyar."

"Na ce a matsar da ita taku hamsin, don kada yara su riƙa gamuwa da shanu. Yanzu ma in an tambaye ni haka zan ce. Malam Gajere, na ci dawarka, na biya. Amma mutum? Kabo da ke sayen nono wajen matata?"

Gajere ya dubi igiyar da ke hannunsa. Ya miƙe, ya ce wa samarin da ke gadi su sassauta igiyar, jini ba ya zuwa hannun. Ɗayansu ya yi gunaguni.

"Ubanka ne ya mutu ko surukina?" Gajere ya daka masa tsawa. Aka sassauta.

*

Tani na cikin ɗaki ta fara takaba. Da Gajere ya yi sallama ta rufe fuska ta fashe da kuka. Ya bari ta yi mai isarta.

"Ɗiyata, Kabo ya taɓa ce miki wani abu game da aikin nan?"

"Baba, kwana uku shina faɗa. Ya ce zoben da ake zubawa a ciki ba siminti ba ne, yashi ne aka shafa wa toka."

Ta jawo wani ƙullin tsumma daga ƙarƙashin gado. Gutsuren zoben rijiyar ne, Kabo ya ɓallo shi da hannu ya kawo gida. Gajere ya murza shi tsakanin yatsu biyu, ya zube kamar garin tuwo.

"Ya gaya wa Ɗanmaliki?"

"Ya gaya mishi. Ya ce in ba zai sauka ba akwai masu haƙa goma a Kusada suna jira. Na riƙe mishi riga da safe, Baba. Na ce kada ya tahi. Ya ce saura gaba biyu a kai ruwa, kuma uwarsa ta gaji da zuwa rafi."

"Mi ya sa ba ki faɗa ba da ana kama Bafillace?"

Ta ɗago ido a karo na farko. "Wa ya tambaye ni?"

*

Ɗanmaliki ya sauka a zauren Malam Dabo. Gajere ya same shi yana cin goro.

"Siminti nawa aka kawo maka?"

"Abin da majalisa ta rubuta."

"Ina buhunan da aka juye?"

"An ƙone. Kai, dattijo, aikinka sawu ne ko gini? In mai laifi kake nema, je ka Kunduru ka tambayi Nagoggo magini. Shi ya nemi kwangilar nan bai samu ba. A ƙofar majalisa, gaban jama'a, ya rantse sai rijiyar ta ci mutum."

Malam Dabo, da ke kishingiɗe a gefe yana jan carbi, ya gyaɗa kai. "Da kunnena na ji. Watakila shi ya saye Bafillacen."

*

Da sassafen Asabar Gajere ya hau jakinsa ya nufi Kunduru. Ya sami Nagoggo a kan katanga yana yaɓe.

"Kai ka ce rijiyar Gidan Bube za ta ci mutum?"

"Ni na ce."

"To ta ci. Mijin ɗiyata."

Nagoggo ya sauko, ya wanke hannu, ya yi masa ta'aziyya. Sannan ya ja shi bayan gida.

"Ba baki na yi mata ba, Malam. Sanin aiki ne. Kafin majalisa ta zauna wani ya same ni, ya ce zai tsaya mini in samu kwangilar, amma in siminti ya iso rabi nashi ne. Na ce rijiya mai gaba goma sha biyu ba ta tsayuwa da rabin siminti. Kwana uku bayan nan aka karanta sunan Ɗanmaliki, mutumin da ko akurki bai taɓa ginawa ba. Sauran 'yan majalisa ba su san shi ba, an ce musu gwani ne daga Kano, suka ɗaga hannu."

"Wane ne ya same ka?"

"Ina da 'ya'ya tara."

"Ni ina da ɗiya guda, tana takaba tana da shekara goma sha tara!"

"Ka yi ta ihu. In na faɗi suna, shi zai rantse, ni in rantse, kuma ka san wanda za a ɗauka. Kawo abin da ba ya rantsuwa, ni kuma in buɗe baki."

"Gobe da hantsi ka zo Gidan Bube."

"Ban yi alkawari ba."

*

La'asar sakaliya Gajere ya dawo. Bai shiga gari ba, ya sake komawa bakin ramin. Zuciyarsa ta riga ta nuna masa mutum, amma zato ba ya kwance igiya, kuma masu shanun huɗa a ƙauyukan nan sun kai bakwai, har da Maigari.

Babu kowa a wurin sai kajin wani gida. Ya ga sun taru a kan kashin shanun da aka bari tun jiya, suna tonawa suna faɗa. Ya tsaya. Kaji ba sa yin wannan rububin a kan kashin shanun daji a tsakiyar rani, don babu abin da ke cikinsa sai kara da busasshiyar ciyawa.

Ya kore su ya tsuguna, ya fasa kashin da tsinke. Ga ƙwayoyi nan baƙaƙe da ɗan farin gashi a jikinsu. Angurya ce, irin auduga.

A Gidan Bube ba a ga angurya ba tun bara. Wadda En'e, hukumar Sarki, ta aiko bana don a raba wa manoma su shuka, buhu-buhu aka kawo ta, aka ce a ajiye a wurin wakili sai ruwa ya sauka.

Ya nemo kasko ya kwashi kashin. Ya je rugar Bubayero ya ɗebo wani. Kafin rana ta faɗi ya zagaya turakun masu shanun huɗa ɗaya bayan ɗaya, yana cewa taki yake nema na magani. A bayan gidan Malam Dabo ya ga shanu biyu manya, gashinsu na sheƙi a watan da kowane sā ke nuna haƙarƙari. Kusa da su akwai sabon ɗakin ajiyar gyaɗa, an shafe daɓensa da jar ƙasa. Ya dogara sandarsa a kan daɓen kamar mai hutawa, ya ji ƙarar da ta yi.

*

Lahadi da hantsi gari ya taru a ƙofar Maigari. 'Yan doka biyu sun iso daga Kankiya da ankwa. Malam Dabo na zaune kan buzu kusa da Maigari, Ɗanmaliki a bayansa. Hawwa'u na tsaye a gaban mata. Can baya, Nagoggo ya raɓe a jikin katanga.

Gajere ya ajiye kasko uku a ƙasa. Mutane suka toshe hanci, wasu suka yi dariya.

"Wanga wane irin wulaƙanci ne a gaban manya?" in ji Malam Dabo.

"Yi haƙuri, Malam, yanzu za ka ji ƙamshinsa." Gajere ya juya ga babban ɗan dokan. "Kofur, matso ka fasa da kanka, kada a ce ni na sa. Wanga na rugar Bubayero ne. Mi ka gani?"

"Kara da ciyawa."

"Wanga na bakin rijiya."

Kofur ya tona. "Angurya."

"Jama'a, wa ya karɓi anguryar shuka bana?"

Wani tsoho ya ce, "An ce sai ruwa ya sauka."

"A hannun wa take?"

Duk idanu suka koma kan buzun Malam Dabo.

"Na ukun daga turken Malam Dabo na ɗebo shi. Fasa, Kofur."

Kofur ya fasa, ya ɗago ƙwaya ɗaya a tsinke ya nuna wa Maigari.

"Shanu biyu aka zagaya da su bakin ramin nan," in ji Gajere, muryarsa na hawa, "bayan mun ciro Kabo, a kan ƙasar da muka tono da hannunmu. Don in an ce shanu suka rusa rijiya, Baturen ayyuka ba zai zo ya murza zobe ba. Ga zoben!" Ya kwance tsumman Tani ya watsa garin a gaban buzun. "Wanga ne aka ce Kabo ya shiga ƙarƙashinsa!"

Malam Dabo ya miƙe yana gyara rawani. "Shanuna barorina ke kula da su, ban san inda suke kai su ba. In kuma siminti ya yi ƙaranci, ga wanda aka ba kwangila nan. Ni ma ya cuce ni. Ni na tsaya mishi a majalisa don na zaci mutumin kirki ne."

Ɗanmaliki ya kalle shi baki buɗe. "Ni na cuce ka?"

"Kofur, kama shi."

"Ni za a kama? Wallahi ba ni kaɗai ba! Wa ya zo da jakuna ya kwashi rabi tun ranar da aka sauke? Wa ya ce in ƙara yashi, ƙauyawa ba su san bambanci ba? Na ce maka Kabo ya gane, ka ce in tsorata shi!"

"Maƙaryaci!"

"Ba ƙarya yake ba." Nagoggo ne ya fito daga jikin katanga. "Ni ya fara samu da wanga ciniki, na ƙi."

"Ina simintin?" Maigari ya tambaya.

Gajere ya ce, "A zo da fartanya ɗakin gyaɗarsa."

Gari ya ɗunguma. Sara ɗaya aka yi wa jar ƙasar, fartanyar ta yi tsalle ta fitar da wuta. Daɓen siminti ne a ƙasa, mai kauri, lafiyayye. Samari suka yi kan Malam Dabo da sanduna, sai da 'yan doka suka tsaya a tsakani. Ankwar da aka kawo wa mutum ɗaya aka raba wa mutum biyu.

Gajere da kansa ya kwance Bubayero. Hawwa'u ta zo ta durƙusa a gabansa.

"Tashi, Inna," in ji shi. "Ke ɗanki ya mutu, na yafe miki dutsen. Waɗannan da suka ɗauko kara za su ƙone matata da 'ya'yana, su ban yafe ba." Kafin mako ya zagayo ya tashi da rugarsa, ya yi arewa.

*

Alƙali ya ɗaure su duka biyun. Bayan wata ɗaya saƙo ya zo daga Kankiya cewa kason rijiyar Gidan Bube na bana ya ƙare, sai a sake nema baɗi.

Ranar da majalisa za ta sake zama, Hawwa'u ta bugo wa Gajere ƙofa tun da asuba, da tulu a kanta. Ta ƙi hawa jaki, ta ƙi a karɓar mata. Rana ta take suka isa Kankiya. Mai tsaron ƙofa ya ce mata ba sa shiga. Gajere ya tsaya a gabansa ya ce, "Taɓa ta ka gani."

Ta shiga ta sauke tulun a tsakiyar ɗakin, ta tsiyaya a moɗa. Ruwan kore ne, da ƙananan tsutsotsi suna wutsil-wutsil a ciki.

"Wanga muke sha," ta ce. "Kun ɗaga hannu kun ba mutumin da ba ku sani ba aikin da ya kashe mini ɗa. Ban zo kuka ba. Kowa ya sha moɗa guda, sannan ya ce baɗi."

Ta bi su ɗaya bayan ɗaya da moɗar. Kowa ya sunkuyar da kai. Magatakarda ya fara bayani cewa kasafi daga Katsina yake zuwa, ba a taɓa shi sai da izinin Di'o, Baturen mulki. Ta miƙa masa moɗar, ya kau da kai. A ƙarshen layi wani dattijo, wakilin Sukuntuni, ya karɓa ya kurɓa. Ya runtse ido ya haɗiye.

"Ni ma na ɗaga hannu ranar," ya ce. "Akwai abin da muka ware na gyaran barikin baƙi da Bature ke kwana ciki sau biyu a shekara. A rubuta a nemi izini a mai da shi rijiya. In Di'o ya ƙi, a kai mishi tulun."

Aka ɗaga hannu, babu wanda ya bar nasa a ƙasa. Magatakarda ya ce wa Hawwa'u ta yi godiya ga majalisa.

"Godiyar mi?" ta ce, ta juya ta fita, ta bar musu tulun.

Nagoggo ne ya gina sabuwar rijiyar, ta kai ruwa kafin shuka. Gajere ya zauna a bakinta tun daga buhun farko har na ƙarshe, yana murza kowane zobe da hannunsa. Ranar da aka fara ɗiba aka kai wa Hawwa'u gugan farko, ta ce a ba yara. Shekara shida ta ƙara a duniya, kullum da safe tana wuce rijiyar da tulunta ta gangara rafi, kuma har ta rasu ba ta taɓa kai ruwanta baki ba.